Bangon Gabas

Ku samarin da kuke shigowa shagona da waya a hannu, kuna ce mini, "Baba Sahabi, ai aikin nan naku danne-danne ne, yanzu ko jariri ya iya," ku ja benci ku zauna. Ba zan yi musu da ku ba, na gaji da musu. Labarin bango ɗaya zan ba ku. In na gama sai ku faɗa mini ko jaririn naku zai iya.

Bari in fara gaya muku mene ne aikin, don rabinku ba ku san shi ba, raina shi kawai kuka iya. A shekarun dubu biyu da ƴan kai akwai wata duniya a cikin kwamfuta. Mutane daga ƙasashe daban-daban suna shiga, kowa da ɗan mutum-mutuminsa da yake tuƙawa, suna yawo, suna hira, suna gina gidaje da kasuwanni. To, duk abin da aka gina a can tsirara yake fitowa, toka-toka, sumul kamar kwali. Sai an sa masa fata kafin ido ya ce wannan bangon laka ne, waccan tabarma ce, waccan ƙofar langa-langa ce. Fatar nan ita ce sana'ata. Waɗanda Allah ya ba layi mai ƙarfi hoto suke ɗauka su aika, a liƙa a jikin bango. Mu a Ƙonni layinmu ba ya iya ɗaukar hoto. Ka fara aikawa, ka je ka ci tuwo ka dawo, ka tarar ya tsinke a tsakiya. Saboda haka ba hoto muke aikawa ba, umarni muke rubutawa: ɗauki launi kaza, tsaya nan, ja layi zuwa can, cike wannan gurbin. Rubutu ba shi da nauyi, ko gajiyayyen layinmu yana kai shi. In ya isa, babbar na'urar da ke riƙe da duniyar ta karanta, ta zana fatar da kanta.

Ni asalina mai fenti ne. Allunan shaguna da bayan manyan motocin da ke bin hanyar iyaka, da yawa hannuna ne: zaki, dabino, jirgin sama, sunan mai mota da addu'arsa. Sai aka fara shigo da allunan roba bugun inji, masu sheƙi, masu araha, burushina ya fara bushewa a gwangwani. Cikin ayyukan fenti na ƙarshe da na samu akwai allon siber ɗin Alhaji Nomau, wurin da ake biya a hau kwamfuta. Ina kan tsani ina rubuta haruffa sai wani dogon mutum mai tabarau ya tsaya yana kallona. Mushe Isufu ke nan (Mushe muke ce wa malamin boko), malamin lissafi da gwamnati ta turo lakwal ɗin garinmu, wato makarantar boko, daga wajen Doso. Shi ke gyara wa Alhaji kwamfutoci in sun yi gardama, shi ne kuma ya san hanyar shiga waccan duniyar. Umarni kam ya iya shi, amma in ya zana akuya sai ka rantse kujera ce.

"Yaya aka yi haruffanka suka cika allon daidai, ban ga ka auna ba?" in ji shi.

Na ce, "Na auna, Mushe. Da ido."

Ya ce, "To, idon nan nake nema. Sauko."

Ranar farko bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Bayan siber ya kai ni, inda yashi yake, ya ɗaure idonsa da ƙyalle, ya riƙe kara, ya ce in sa shi ya zana ɗaki da ƙofa, da baki kawai. Na ce, "Ja layi." Ya ja, ya yi ta ja, ya bi ta kan tabarmar masu shayi, yana neman faɗawa kwata. Na yi ihu, "Tsaya mana!" Ya ce, "Da ba ka ce in tsaya ba." Na ce ya koma can gefe ya fara ƙofa. Ya koma yana jan karan a ƙasa, ya tsaga ɗakin gida biyu, don ban ce ya ɗaga hannu ba. Masu shayi suka yi ta dariya har ɗaya ya ƙware. Da ya kwance ƙyallen sai ya ce, "Haka na'urar take. Makauniya ce mai biyayya. Ba ta gajiya, ba ta ƙin aiki, kuma ba ruwanta da abin da kake nufi. Abin da ka faɗa shi za ta yi." Na daɗe ina jan babban malamin lakwal a cikin yashi, mutanen unguwa suna cewa mun taɓu, kafin ya yarda na zauna a kujera.

Aikina na farko tabarma ce. Wata mata daga ƙasar Turawa ta nema, za ta shimfiɗa a rumfar da ta gina. A kan tabarmar nan na san abin da ake kira gaɓa. Fatar da muke yi ɗan yanki ne ƙarami mai kusurwa huɗu, na'ura ke jera shi gefe da gefe har ya rufe wuri, kamar zanen atamfa da ke maimaita kansa. In zaren da ya fita ta dama bai shigo ta hagu daidai inda ya fita ba, sai ka ga tsaga ta ratsa tabarmar daga sama har ƙasa. Na sayi tabarmar kaba a kasuwa, na warware bakinta, ina bin kowane zare in ga wa ya hau wa, wa ya bi ta ƙarƙashi. Matata ta tarar da ni a tsakar gida cikin tarkacen sabuwar tabarma, ta tsaya ta dube ni, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta wuce. Da na gyara gaɓar sai wata matsalar ta ɓullo. Tabarmar ta yi daidai fiye da kima, kowane zare sak ɗan'uwansa, kamar ta roba. Mushe ya koya mini yadda ake ce wa na'ura ta jefa ƙuri'a, ta ɗan karkata wannan zaren, ta ɗan dusashe wancan. Wannan ne ba ku sani ba. Miƙaƙƙen layi kowa ya iya, koya wa inji kuskuren hannun mutum shi ne mai cin rai. Matar ta karɓi tabarmarta, ta kuma turo mini ƙawayenta.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai kwamfutar ƙuryar siber, ta gwanjo, wadda in zafi ya yi sai an cire mata murfi an juya mata fanka. Akwai batirin mota da Mushe ya haɗa mata don kada aiki ya tashi in an ɗauke wuta. Sai gwangwanayen tumatir da na jera a taga, kowanne da ƙasarsa: ja ta wajen Illela, fara ta Malbaza mai kamar toka, baƙar laka ta fadama. A wajen na'ura launi lamba ne, ja kaza, kore kaza, shuɗi kaza. Sai in ɗebo ƙasar a tafin hannu, in kara ta kusa da gilashin kwamfuta, in yi ta sauya lamba har su zama ɗaya. In yayyafa mata ruwa in sake gwadawa, don laka ɗanya da busasshiya ba launinsu ɗaya ba. Alhaji yakan ce na mayar masa da siber gona, saura in shuka gero.

Masu saye kuwa na ga iri-iri. Akwai wanda ya rubuto yana son bangon Afirka. Na tambaye shi na wane gari, ya ce ai duk ɗaya ne. Na yi masa irin na ƙauyen Bazaga, ya ce bai yi kama da Afirka ba, a ƙara masa zanen damisa. Ni dai ban taɓa ganin damisa a jikin bango ba, amma na ƙara masa, mai abu ya fi ni sanin Afirkarsa. Akwai kuma masu ido, waɗanda za su ce ƙofar nan tsatsarta ta yi sabunta da yawa, ko inuwar kabar nan ta faɗi ta inda bai kamata ba. Su na fi so, ko da yake sun fi wahalarwa. Faransancina na ƙaramar lakwal ne, da shi da taimakon Mushe muka yi ta lallaɓawa. Sannu a hankali sunana ya shiga bakin mutanen can, har ana cewa in laka kake so, nemi na Ƙonni.

Sai muguwar shekara ta zo. Kasuwa ta karye a ƙasashen masu sayen, kuma wanda ke neman abin sawa a baki ba ya sayen bangon cikin kwamfuta. Ana cikin haka iskar damina ta kayar da turakun wuta, gari ya daɗe a haka, batirin motar nan ya mutu murus. Kafin in farfaɗo takarda ta zo, an canja wa Mushe wurin aiki zuwa can gabas mai nisa. Ranar da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka fi ni yanzu, kai ne dai ba ka sani ba." Na ji daɗin maganar, amma ba a cefane da ita. Na karɓi babur ɗin ƙanena na shiga kabu-kabu tsakanin tasha da iyaka. Ni da ake nema daga ƙetaren teku, ga ni ina gardama da mai albasa a kan ko buhunsa zai zauna a baya. Ba na raina kabu-kabu, ya ciyar da gidana. Amma baƙin ciki na yi shi, ba zan ɓoye muku ba.

Da wuta ta dawo daidai, Alhaji Nomau ya kira ni. Na tarar ya riga ya ɗora akwatin cajin waya a gefen teburina.

"Sahabi, ba ni son in ɓata maka rai," ya ce, "amma ƙuryag ga ta daɗe ba ta kawo komi ba. Masu cajin salula sun hi Turawanka yawa. In watan ga yaƙ ƙare ba ka samu aikin kirki ba, sai in saida kwamfutag ga in jera soket."

Ban ga laifinsa ba. Amma na san in kwamfutar nan ta tafi, sana'ar ta tafi ke nan, don ba ni da halin sayen wata.

A cikin watan ne saƙon Dokta Mamman ya shigo. Ɗan wani ƙauye ne a bayan Illela, Illelarmu ta hanyar Tawa, ba ta tsallaken iyaka ba. Ya daɗe yana aikin likita a ƙasar sanyi, ƴaƴansa ba su taɓa taka gida ba. Ya ƙudura zai gina ƙauyensu kaf a waccan duniyar, gida-gida, rumbu-rumbu, don yaran su shiga su yi yawo su san inda suka fito. Aiki ne da zai riƙe mutum shekara da shekaru. Sai dai ba ni kaɗai ya nema ba. Akwai wasu samari a Yamai masu kyamarar zamani da layi mai gudu. Ya ce zai gina gidan mahaifinsa sau biyu, iri ɗaya sak, su sa wa ɗaya fata, ni in sa wa ɗaya. Mai yanke hukunci kuma mahaifiyarsa ce, Inna Kulu, wadda za ta zo Ƙonni sunan jika. Wanda ta zaɓa shi ke da aikin ƙauyen.

Da na ga aikin samarin Yamai sai na karaya. Gaskiya ɗaya ce, ya yi kyau. Sun je har ƙauyen sun ɗauko hoton bangon gidan na ainihi, har ƙwayar yashi kana gani. Nawa kusa da nasu kamar zanen alli yake. Na ce wa kaina in dai kyau za a gwada, an gama da ni.

Na hau babur na tafi ƙauyen, ban ma san abin da nake nema ba. Bazara ce, zafi kamar ya tsaga kai. Na gaida mutanen gida, aka ba ni fura, na zagaya ko'ina ina kallo. Da rana ta karkata inuwa ta koma gabas, na je na jingina da bangon ɗakin marigayi mai gidan don in huta. Sai na ji abu yana sukar bayana. Na juya. Ciyawar da aka cuɗa da laka ce ta fito waje, yaɓen ya zaizaye, ruwa ya yi masa kwari-kwari daga sama zuwa ƙasa, gindin ya rame. Na tashi na zaga ta yamma, na tarar da shi sumul, har sawun yatsun mai yaɓe na nan. Sai na fashe da dariya ni kaɗai, awaki suna kallona. Abin da na sani ne tun ina koyon fenti: ba a rubutu a bangon gabas, damina ɗaya take cinye shi. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, shi ke dukan bangon nan kowace shekara. Kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ke faɗa. Samarin Yamai, kamar kowane mai hoto, gefen da ya fi kyau suka ɗauka, suka liƙa shi a fuska huɗu.

Hoto ba ya iya tambaya, umarni kuwa yana iyawa. Na dawo na rubuta a saman umarnina cewa kafin a zana komai, bango ya fara duba ina ya fuskanta. In yamma ne, a yi masa lafiyayyen yaɓe da sawun yatsu. In kudu ne ko arewa, a ɗan ci shi kaɗan. In gabas ne, a zaizaye shi, a fito da ciyawa, a ja kwarin ruwa, a ramar da gindi. Na kuma sa lamba ɗaya a can sama wadda ke faɗin damina nawa bangon ya sha tun yaɓen ƙarshe. Har sifiri na tanada, wato yaɓen yau, don son cika aiki kawai, ban zaci za a buƙace ta ba. Abin ya ba ni wuya ƙwarai. Da farko na juya lissafin, duk gidan ya zaizaye ta yamma, kamar na wata ƙasa. Rumbu kuwa, da yake zagayayye ne ba shi da fuska, sai da na raba cikinsa na bi da zaizayar a hankali don kada gaɓa ta fito. Ga shi babu Mushe da zan tambaya. Ranar da na kama ɗakin na juya shi, na ga zaizayar ta bar inda take ta koma sabon gabas da kanta, na miƙe tsaye na yi kabbara, har wani jandarma da ke rubuta wa iyalinsa saƙo ya zabura.

Ranar yanke hukunci, da hantsi aka kawo Inna Kulu, ƴar tsohuwa mai kaifin ido. Ta zauna a kujerata da carbi a hannu, tana hararar kwamfutar. Alhaji ya zo ya tsaya a bayanmu. Dokta yana can ƙasar da yake, muryarsa na fitowa ta ƴar lasifika, mutum-mutuminsa sanye da farar riga yana tsaye a ƙofar gida. Na nuna mata, na ce wannan shi ne Mamman. Ta duba da kyau, ta ce, "Ya rame."

Gidan samarin Yamai aka fara shiga. Na jira sai da hotunansu suka gama sauka tsaf, don kada a ce na yi zamba. Na zagaya da ita ko'ina, tana gyaɗa kai.

"Masha Allahu, ya yi kyau," ta ce. "Gidan wa na?"

Na ji Dokta ya yi gyaran murya, ya ce in kai ta ɗayan.

Muka shiga nawa. Ba ta ce ya yi kyau ba. Tsoro ya kama ni sosai. Muka wuce zaure, muka wuce rumbu, sai ta ɗaga hannu.

"Dakanta, ɗana. Zagaya da ni bayan ɗakin ga."

Na zagaya. Bangon gabas ya cika gilashin, da ciyawarsa a waje da kwarinsa. Ta matso har hancinta ya kusa taɓawa. Sai ta ajiye carbin a cinya, ta juya wajen lasifikar.

"Mamman! Kana ji na? Tun bara nike hwaɗa maka bangon gabas na ɗakin babanka ya ci, ba ka ji ba. To, ga shi, ka gani da idonka. Hadari ya hwara haɗuwa, in ruwan hwari yas same shi haka, ƙasa za shi. Kai kau kana tsaye nan da hwarar riga kamar baƙo!"

Sai muka ji Dokta, babban likita, yana dariya, dariyar kuma ta rikiɗe ta zama kuka. Da ya samu murya ya ce, "Na ji, Inna. Za a yi shi." Sannan ya ce, "Malam Sahabi, ko da abin da za a iya yi?"

Na ce akwai. Na hau saman umarnin, na goge lambar damina, na sa sifiri. Gilashin ya ɗan yi jim. Sai bangon ya sake fitowa da sabon yaɓe, baƙi-baƙi, ɗanye, launin lakar nan da nake jiƙawa a tafin hannu, da sawun yatsu a jere daga ƙasa zuwa sama. Inna Kulu ta ja baya ta yi salati. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai kay yi shi?"

"Ni ne, Inna."

"Hannunka na da kyau. Amma na gida ma yana nan yana jira, kak ku ce kun ƙare."

Dokta ya yi alkawarin za a yaɓe na gidan a cikin satin, kuma an yaɓe, na je na gani da idona. Ya ce aikin ƙauyen ya zama nawa, gida-gida, rumbu-rumbu. Ban waiwaya ba, amma na ji motsin Alhaji a bayana yana sauke akwatin caji daga teburina, yana cewa dama wurin bai dace da shi ba. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa a kan wani aiki ba, har da zakin da na fi taƙama da shi a bayan mota. Na yi shekaru ina sa wa ƙauyen nan fata. A kansa na sayi kwamfutar kaina, daga ita aka kai ga shagon nan da kuke zaune a ciki kuna raina ni.

Na san wayoyinku yanzu suna zana bango kafin ku rufe baki, kuma ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ku zana, ban hana ku ba. In kun gama ku samo tsohuwa ku zaunar da ita a gabansa, ku ji abin da za ta ce.

Ita dai Inna Kulu, da aka zo tafiya da ita, ta kai bakin ƙofa sai ta waiwayo. Mutum-mutumin Dokta yana nan, ya matsa dab da bangon ɗakin mahaifinsa ya tsaya yana kallo. Ta dawo da sauri, ta daki teburin da tafin hannu.

"Mamman, matsa daga nan! Ɗanye na, za ka ɓata rigakka."